Kafin Ku Tura Yaro Fagen Fama a Kan Takarda

Da marubuta nake, maza da mata, musamman masu tasowa da ke rubutu a waya suna saki shafi-shafi a Wattpad da zaurukan WhatsApp, ko suna miƙa wa masu karanta littafi a YouTube. Da yawanku kun ƙwallafa rai a kan labari iri ɗaya: matashi ɗan shekara 15 ko 16, yaƙi ya ci garinsu, sai ya wayi gari da wani ɓoyayyen ƙarfi a jikinsa. Ban ga laifinku ba, labari ne mai farin jini a ko'ina. Littattafan Harry Potter guda 7, da suka fito daga 1997 zuwa 2007, da artabu a harabar makaranta suka ƙare. A 2018 Tomi Adeyemi, Bayarabiya haifaffiyar Amurka, ta fitar da Children of Blood and Bone, labarin Zélie, yarinyar da sarki ya sa aka kashe uwarta tare da sauran masu baiwar tsafi na ƙasar. Mu ma ba yau muka fara ba. Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar Hukumar Talifi aka buga shi a 1934, daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ya tashi ya zarce ƙasar aljannu. An yi Iliya Ɗan Maiƙarfi, an kuma yi zamanin littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda suka sa samari da yawa karatun Hausa don ra'ayin kansu, ba don malami ya tilasta ba.

Abin da ya sa zan tsaurara muku shi ne mai karatunku. Yaron da ke karanta irin wannan labari a Landan, galibi a talabijin ya san yaƙi. Naku kuwa wataƙila a Bama yake, ko Diffa, ko Zurmi, ko Birnin Gwari. Wataƙila ya taɓa kwana a gonar dawa yana jin ƙarar babura. Wataƙila yayansa ya bi 'yan sa-kai bai dawo ba. Irin wannan yaro ba a yi masa ƙarya a kan yaƙi. Ko dai ya gane ya jefar da littafin, ko kuma ya yarda, wanda shi ya fi muni.

Kada ku bari laya ta tare harsashi ta kuma tafi a haka.

Da wannan na fara domin ƙarya ce da ta ci rayukan matasa ba adadi a nahiyar nan. A 1905, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, wani mai duba, Kinjikitile Ngwale, ya raba wa jama'a ruwan magani da alkawarin zai mayar da harsashin Jamusawa ruwa. Ƙabilu da dama suka haɗa kai suka tunkari bindiga mai jigida da masu da kibau. Gaskiya na wajensu, domin noman auduga na tilas suke ƙi, amma a Mahenge gaskiyar ba ta hana harsashi huda ƙirji ba. Jamusawa suka bi gonaki da rumbuna da wuta, yunwa ta kashe fiye da waɗanda bindiga ta kashe, kafin ƙura ta lafa a 1907 an rasa dubun dubatar mutane.

A 1986 kuma, a arewacin Yuganda, Alice Lakwena ta tara mayaƙa ta sa su shafa man kaɗe a jiki, ta hana su ɓuya ko kwanciya a ƙasa, ta ce duwatsun da suka jefa za su fashe a kan abokan gaba. A tsaye suke shiga ruwan wuta suna waƙa. A ƙarshen 1987 aka murƙushe su kusa da Jinja. Ita ta tsallaka Kenya ta rayu har 2007, masu shafa man kuwa da yawansu a filin aka bar su. A kan ɓurɓushin rundunarta Joseph Kony ya gina tasa, wadda duniya ta sani da satar yara.

Mu nan mun san 'yan tauri, mun san maganin ƙarfe, kau-da-bara, sagau, baduhu da layar zana. Kuma duk mai sauraren rediyo ya taɓa jin an harbe wani har lahira wajen gwajin maganin bindiga. Ban ce ku cire waɗannan daga labari ba. Suna cikin duniyar da yaron ke rayuwa, cire su ma wata ƙaryar ce. Abin da na hana shi ne jarumi ya tsaya ƙirji buɗe, kibau na zuba suna karyewa, babi bayan babi, ba a taɓa ganin ranar da abin ya ƙi ci ba. Ku rubuta wannan rana. Ku rubuta abokin da suka sha magani ɗaya, suka ɗaura guru iri ɗaya, shi ya faɗi. Ku rubuta bokan da ya ce ai yaron ne ya karya sharaɗi, domin haka suke cewa kullum, mamaci kuwa ba ya musu.

Ku sa wa kowane ƙarfi farashi, ku kuma karɓa.

Bahaushe bai taɓa sanin tsafin kyauta ba. Duk labarin boka da kuka ji tun kuna yara da sharaɗi yake zuwa: kada ka ci abu kaza, kada ka waiwaya, kawo baƙin bunsuru, baɗi kuma kawo abin da ya fi bunsuru. A bori ma kowane iska da abin da yake nema, wanda ya hau kuma a jigace yake barinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To me ya sa a littattafanku aljani ke yi wa yaro bauta shekara da shekaru bai taɓa miƙo hannu ba?

Ku duba yadda Ursula Le Guin ta yi a A Wizard of Earthsea na 1968. Ged, yaro mai kiwon awaki, ya ceci ƙauyensu daga mahara da hazon da ya tara. Da ya je makarantar matsafa girman kai ya sa shi kiran abin da ya fi ƙarfinsa don ya kunyata abokin hamayya. Wata inuwa ta ɓalle ta yage masa fuska, shugaban makarantar ya rasa ransa wajen toshe ɓarakar, sauran littafin kuma tsakanin Ged da inuwar nan ne. A The Poppy War na R. F. Kuang, wanda ya fito a 2018 kuma ba don ƙananan yara aka yi shi ba, yarinya Rin ta ci yaƙi ta hanyar ƙone ƙasar abokan gaba baki ɗaya, da jarirai da tsofaffi, marubuciyar kuma ba ta yi mata tafi ba.

Kafin babi na farko ku zauna ku rubuta dokokin ƙarfin a takarda daban: me yake iyawa, me ya gagare shi, me yake ci a jikin mai shi. Kada ku zaro sabon zoben sihiri daga aljihu a babin ƙarshe don kun rasa yadda za ku fid da jarumi daga rami.

Kada ku mayar da aya makamin wasa.

Na ga wannan da yawa kuma yana ɓata mini rai. Marubuci na tsoron a ce ya yabi tsafi, sai ya ɗauko addu'a ya ɗora ta a gurbinsa: jarumi ya karanta, wuta ta fito daga tafin hannunsa, runduna ta ƙone. Wannan ba girmama addini ba ne, tsafin ne aka sa wa rawani. A yaƙin Uhudu Manzon Allah (SAW) sulke biyu ya sa, aka kuma yi masa rauni a fuska, haƙorinsa ya karye, baffansa Hamza ya yi shahada tare da sahabbai kimanin 70. Idan fiyayyen halitta ya zubar da jini a fagen fama, da wane dalili jaruminku ke fita daga yaƙi ɗari ko ƙwarzane babu don kawai shi mai salla ne? Kuna koya wa yaro cewa wanda aka kashe imaninsa ne ya gaza, alhali ubansa na cikin waɗanda aka kashe.

Ku yanke shawara tun farko. Ko dai duniya ce da kuka ƙirƙira ɗungurum da nata dokokin, ko kuma duniyar Musulmi ce, inda sihiri yake da hukuncin da kowa ya sani, mai yinsa kuma ya san abin da ya sayar. Duka biyun suna ba da labari mai kyau. Kuma kada ku rubuta surkulle ko haɗin magani dalla-dalla yadda wani zai iya kwaikwaya.

Ku faɗi shekarun yaron, ku nuna wanda ya tura shi.

Yaro ba ya kai kansa yaƙi haka kawai. Akwai babban da ya buɗe masa ƙofa, ko ya tura ƙeyarsa, ko ya kau da kai. Abdullahi ɗan Umar ya ba da labarin yadda ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana da shekara 14, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi gida, a ranar da Musulmi ke da matuƙar ƙarancin mayaƙa. Sai a yaƙin Khandaƙ, yana da 15, aka karɓe shi. Ina irin wannan babba a labarinku, wanda zai dubi yaro mai zumuɗi ya ce masa koma? Idan babu shi, ku nuna mana dalilin rashinsa.

A dokar duniya ta yau, sa yaron da bai kai shekara 15 ba cikin yaƙi laifin yaƙi ne, da shi kotun manyan laifuffuka ta duniya ta kama Thomas Lubanga na Kwango a 2012, ta yanke masa shekara 14. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 kuma ta hana ƙungiyoyin 'yan bindiga ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba. Saboda haka dattijon nan mai farin gemu da kuke so, wanda ya koya wa yara sirrin takobi ya tura su su mutu shi yana zaune a kogo, ku sake dubansa da kyau. Wa ke cin ribar yaƙin? Wa ke sayar da dawakai da makamai? Wa zai hau gadon sarauta in an gama?

Ishmael Beah na Saliyo, wanda ya rubuta A Long Way Gone a 2007, ya ba da labarin yadda aka sa shi aikin soja yana ɗan shekara 13, ana ɗura musu ƙwaya, da dare kuma ana kunna musu finafinan Rambo su kwana suna marmarin kwaikwaya. Ku riƙe wannan da kyau. Masu tura yara yaƙi sun san amfanin labarin jarumta, suna kuma aiki da shi. Kada littafinku ya zama irin wanda za su so su raba.

Kada ku ce sai ɗan sarki. Kun cika son a gano a ƙarshe cewa almajirin nan ko 'yar tallan nan ashe jinin sarauta ce da aka sace tana jaririya. Abin da ɗan talaka ke ji a nan shi ne cewa shi ɗan rakiya ne a duniya. Ku bar ɗan maƙeri ya zama ɗan maƙeri har shafin ƙarshe, sanin wuta da ƙarfe da ya koya a gindin uwar maƙera ya yi masa rana.

Ku koyi yaƙi kafin ku rubuta shi.

Na gaji da jarumin da ke kai sara ɗaya kawuna dubu su zube. Wanda ya rubuta haka bai taɓa ɗaga takobi na minti biyar ba. Kakanninmu sun yi yaƙi na ƙarnoni, sun bar mana kayansa da kalmominsa da tarihinsa, ku je ku nema. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi auduga ce aka cusa aka ɗinke, yana tare kibiya, amma yana da nauyi da zafi, dokin da ke ɗauke da shi ba ya dogon sukuwa, kuma wuta abokiyar gabarsa ce. Maharbi kibau ƙidayayyu ne a kwarinsa, in sun ƙare sai ya tsinci na ƙasa. Dafin kibiya daga tsiro ake haɗa shi, irin su kwankwani, kuma ƙaramin rauni ya isa. Da rani ake fita yaƙi, bayan an kai amfanin gona gida, domin da damina manomi na gona, rafuka sun cika, hanya ta yanke. Ganuwar Kano da gonaki da kududdufai aka kewaye a cikinta don birni ya iya jure zaman kewaye. Duk wannan kayan labari ne da ya fi takobi mai walƙiya daɗi.

Ku kuma san inda ɗan shekara 15 yake a rundunar gaske. Ba a gaban barade yake ba. Shi ne zagi mai gudu a gefen doki, mai yankan ciyawa, mai ɗaukar salka, mai jan jakin guzuri, wanda ake aikawa leƙen asiri don ba a zargin yaro. Daga nan ƙasa ku ba da labarin, inda ƙura ke shiga ido, ba a ganin komai sai ƙafafun dawakai, ba a ma san wa ke da nasara ba sai da yamma.

Kuma ku ciyar da su. A littattafanku ana tafiyar kwana arba'in ba wanda ya tambayi ruwa. Yunwa, ƙishirwa, zawo, ƙaya da faso sun fi mashi kashe runduna. Nana Asma'u 'yar Shehu tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta taso cikin ƙaura daga sansani zuwa sansani, a shekarun da yunwa da cuta suka yi wa jama'ar ɓarna ƙwarai. Yaƙi a idon yarinya irinta tafiya ce, da jiran labari, da ƙirga waɗanda ba su dawo ba.

Kada ku tsaya a ranar nasara. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, da fartanya da gatari suka fatattaki sojojin Ingila har suka kashe Turawa uku. A watan Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Yaƙi ɗan zamba ne, kuma kowace rana ta farko tana da ta biyu.

Kada ku halicci ƙabilar da aka haifa da mugunta.

Abu ne mai sauƙi: a ƙirƙiro wasu mutane munana, masu jajayen idanu, marasa uwa da uba, don jarumi ya karkashe su ba tare da mai karatu ya ji komai ba. A ƙasar da ake ƙone ruga don laifin wasu, ake kuma tare hanya a tambayi mutum yarensa kafin a yanke masa hukunci, wannan sauƙin guba ne. Mai karatu zai cire sunan da kuka ƙirƙira ya sa na maƙwabcinsa.

Ku ba abokin gaba suna, da uwa, da dalili. Ku sa a sahunsa akwai yaro sa'an jaruminku wanda shi ma an ce masa shi ne mai gaskiya. Dominic Ongwen yana yaro ƙarami mayaƙan Kony suka sace shi a hanyar makaranta. Ya girma a daji ya zama kwamanda, ya aikata wa wasu yaran abin da aka yi masa, a 2021 kotun duniya ta same shi da laifi ta yanke masa shekara 25. An zalunce shi, ya kuma yi zalunci, kuma ɗayan bai goge ɗayan ba. Marubucin da ya iya riƙe waɗannan biyun a jikin mutum ɗaya, shi ya isa ya rubuta mugu.

Haka kuma kada ku sake ɗora maita a kan tsohuwa matalauciya, ko ku sa zabiya, gurgu da mai ƙusumbi su zama alamar sharri. Ana dukan mutane na gaske har lahira a kan wannan zargi. Nnedi Okorafor zabiya ta ɗauka ta yi tauraruwar Akata Witch a 2011, labarin bai rasa komai ba.

Kada yarinya ta zama tukuici.

Ba kyautar da ake miƙa wa jarumi bayan yaƙi ba ce, ba kuma gawar da ake ajiyewa a babi na biyu don ransa ya ɓaci ba. Sannan kada, ko da wasa, ku rubuta yarinyar da ta mato a kan wanda ya sace ta ku kira abin soyayya. A Afrilun 2014 aka kwashi 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, a Fabrairun 2018 aka ɗebi 110 a Dapchi, ban da matan ƙauyuka da ba wanda ya ƙirga. In za ku rubuta yadda kamammiya ke lallaɓa rayuwarta, ta yi murmushin dole, ta haifi ɗa ta kuma so shi, ku rubuta, domin gaskiya ne. Amma ku kira tilas da sunansa. Kyawun fuskar ɗan fashi da laushin muryarsa ba su wanke shi ba.

In kuwa jaruma kuke nema, ba sai kun je nesa ba. A 1899, lokacin da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ke ƙone garuruwa a ƙasar da yau take Nijar, Sarauniyar Lugu ta yankin Dogon Dutsi ta ƙi miƙa wuya. Mutanenta sun yi imani da asirinta. An ci garin duk da haka, ita da mayaƙanta suka janye cikin daji, bayan 'yan watanni kuma sojojin Turawan biyu suka juya musu baya suka kashe su. Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Ga mace, ga yaƙi, ga asiri, a ƙasar Hausa. Wa zai rubuta mana labarin yarinyar da ke ɗebo mata ruwa?

Ku kashe wanda ake so, amma kada ku yi wanka da jini.

Yaƙin da bare kaɗai ke mutuwa a cikinsa ba yaƙi ba ne. Dole mai karatu ya rasa wanda ya saba da shi, ba kuma lallai a mutuwar jarumta mai dogon jawabi ba. A littafin Harry Potter na ƙarshe akwai Colin Creevey, ɗalibin da shekarunsa ba su kai ba, aka fitar da shi daga makarantar ya saɗaɗo ya dawo. Ba a nuna faɗansa ba. Gawarsa kawai aka ga an ɗauko, a cikin 'yan jimloli, kuma ta fi shafi goma na sara da suka zama a zuciya. Yawan bayanin hanji da ƙwaƙwalwa ba ya sa mai karatu tausayi, dakusar da shi yake yi, wanda kuma ya taɓa gani da idonsa kun tayar masa da miki a banza. Ku yi jana'iza. Ku sa wani ya je ya gaya wa uwar.

Ku bar su su yi ƙuruciya. Ɗan shekara 16 ko a sansani yana tsokana, yana kishi, yana jin kunyar yarinya, yana faɗa a kan ƙanzo. Kada ku cusa masa jawabin waziri a baki. Ya ce Yaya, ya ce Inna, ya durƙusa wa na gaba da shi ko yana iya kiran guguwa. Mai karatu ba zai yi kukan yaron da bai taɓa dariya tare da shi ba.

Ku daina gudun ƙasarku.

Kullum sai wata daular Larabawa marar taswira, da sunayen da ba Balaraben da ya taɓa ji. Yanzu kuma an ƙaro dusar ƙanƙara da dodanni masu fukafukai daga finafinai. Alhali ga Dutsen Dala da Barbushe da Tsumburbura, ga rijiyar Kusugu, ga Jangare birnin iskoki, ga kangon Surame da na Alkalawa, ga Kufena, ga ayarin gishiri na Bilma, ga basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 inda 'yan gida ɗaya suka ɗauki makami a kan juna. Tomi Adeyemi da kayan Yarbawa ta gina tata duniyar, har da sunayen garuruwa. Sai dai in kun taɓa sarki na gaske ku tuna jikokinsa na raye. Ya fi muku ku gina sabon gari a kan ƙasar da kuka sani, da kukarta da markenta da hunturunta.

Kada ku rufe da biki da naɗin sarauta.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fahimci wannan tun 1934. Abin da ke tsaya wa mai karanta Shaihu Umar a rai ba ɗaukakar Umar ba ce, uwarsa ce, wadda ta bi sawun ɗanta da aka sace har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙare ƙarfinta a hanya, ta gan shi rai ya yi halinsa. Ku ba bayan yaƙi babinsa cikakke. Yaron da ya dawo ba ya barci, ƙarar babur na sa shi neman maɓoya, ba ya iya zaman aji, maƙwabta sun san abin da ya yi. Yarinyar da ta dawo da goyo ana nuna ta da baki a bakin rijiya. Gonar ta zama saura, wani ya shiga gidan. Ƙarfin nan na ɓoye da ya yi amfani a fagen fama, me za a yi da shi ranar kasuwa? Ban ce ku hana su sauƙi ba. Matashi na da haƙƙin ya ga ana warkewa. Amma a ga wanda ya zauna da shi, da tsawon lokacin da abin ya ɗauka, da abin da bai dawo ba.

Kada kuma ku ja yaƙi littafi na ɗaya har na goma don masu biyan kuɗin shafi na ƙaruwa. Ku san ƙarshen kafin ku saki farkon.

Ku nemi izini. Idan za ku je wajen wanda ya gudo daga garinsu ku ji ta bakinsa, ku gaya masa ƙarara cewa littafi kuke rubutawa kuma za ku sayar. Kada ku matsa masa ya faɗi abin da ya tsallake. Ku canza suna, gari da duk alamar da za ta sa a gane shi, domin waɗanda ya gudar wa suna nan, wasunsu ma suna da waya. In yaro ne, sai da yardar wanda ke riƙe da shi. Idan kuwa ya ce a'a, ku rufe littafin rubutunku, ku yi masa godiya, ku tashi.